Filin Tambayoyinku: Haƙoran nan na sawa a cire, nawa suke ne wai?

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Satin nan na buɗe saƙonninku sai na ga kamar kun haɗa baki, kusan duk maganar haƙori ce, wato fararen haƙoran nan da ake ɗorawa bisa na ainihi a cire in an gama, waɗanda masu talla ke kira faset. Ni abin ma dariya ya ba ni, don kakata Allah ya jiƙanta in za ta buki fure take gogawa ta bi da goro sai haƙoran sun yi jawur, shi ne gayun zamaninsu, yau ga jikoki na neman fari kamar farantin tangaran. Na tsamo guda shida, kuma kamar kullum na cire sunaye.

Daga wata amarya, Bukoki, Yamai:

Anti barka da aiki. Bukina saura sati shida kuma haƙorana na gaba sun yi ɗorawa-ɗorawa, ɗaya ma ya ɓalle ta gefe tun ina lekol da na faɗi bisa siminti, wallahi ko hoto za a yi sai na rufe baki. Na ga wata tana talla a TikTok jikka 15 sama da ƙasa har da kawowa gida, amma ƙawata ta ce ƴar uwarta da ke Faransa ta sayi nata sama da jikka 200. To wane ne na gaskiya, ko cutar ta aka yi?

Amsa: Allah ya sanya albarka ƴar uwa, ya kai mu ranar lafiya. Ba wadda ta yi miki ƙarya, kaya ne iri uku ake kira da suna guda, kamar yadda bazan ɗin jikka 5 da Getzner duk shadda ake ce musu.

Na jikka 15 ɗin nan roba ce da ake bugawa a masana'anta, yawanci a Sin, awo guda ga kowa, ko bakinki ƙarami ne ko babba ba ruwansu. A AliExpress da Amazon irinsu ba su cika wuce dala 10 zuwa 30 ba, wasu ma ƙasa da haka, kuma dalar Amurka nake nufi ba dalarmu ta sefa biyar ba, kar wata ta ɗauki dala talatin ta nufi Gran Marshe. In muka ƙaddara dala ɗaya sefa 600 don sauƙin lissafi, jikka 6 zuwa 18 ke nan, to kin ga mai tallar ta ɗora kuɗin jirgi da ribarta, kasuwa ce ba laifi. Laifin yana ga hoton da take nunawa.

Bari in tona ma kaina asiri. Bara kafin bukin ƙanwata ni ma na saya, jikka 12, saboda ina da haƙori ɗaya da ya hau kan ɗan uwansa. Ya zo cikin ƴar leda tare da wasu ƙananan ƙwayoyi farare kamar tsabar shinkafa, aka ce in zuba su a ruwan zafi. Na ɗora butar shayi, na zuba, suka narke suka koma kamar ƙaro, na kwaso da cokali na cusa cikin robar na danna a baki, na ƙone dasashi don gaggawa. Da na dubi madubi leɓen sama ya turo gaba baki ya ƙi rufuwa, ɗana na tsaye bakin ƙofa ya ce Mama kin koma doki. Ban daddara ba na tafi da shi wurin buki, ina shiga in ce ma mata sannunku sai ta fito shanunku, ban gama jin wannan kunyar ba aka miƙo mini bisap mai sanyi, kurɓa biyu sai ga haƙorana suna iyo cikin kofi. Na tsamo su da yatsa a ɓoye, sun riga sun fara ɗaukar launi. Suna nan cikin durowa har yau.

Na ƴar uwar ƙawarki shi ne iri na biyu. Kamfani ke aiko miki da kayan awo, wani abu kamar ƙullu kala biyu ki cuɗa su ki zuba cikin ɗan faranti mai siffar baki ki ciza na ƴan mintoci, ki maida musu, su ƙera daidai haƙoranki su aiko. A Amurka da Turai irin wannan yana kamawa daga wajen dala 300 zuwa 800 ko fiye, ya danganta da kamfani da ko sama kawai kike so ko har da ƙasa. Jikka 200 kuwa wajen yuro 305 ne tunda yuro ɗaya sefa 655.957 yake ba ya motsi, to ba a cuce ta ba, farashin ke nan. Amma ita tana Faransa ke kina Bukoki. Kaya sai sun yi tafiya uku, a kawo awo, a maida awo, a kawo haƙoran, kowace tafiya kuɗin DHL ne ko roƙon matafiyi, ga duwan, ga neman mai katin Visa da zai biya miki, kuma in kika ciza a karkace awon ya lalace sai a sake daga farko. Sati shida ba za su isa ba, sai dai su tarar da ke a ɗakinki.

Na uku shi ne wanda likitan haƙori da kansa ke aunawa. Wanda ya fi suna shi ne Snap-On Smile, wani likita ne a New York ya ƙirƙiro shi, kamfanin DenMat na Amurka ke ƙera shi da wata roba mai ƙarfi da ba ta da kauri sosai. A can ana biyan wajen dala 1,000 har zuwa 3,500 na sama kawai ko na ƙasa kawai, wato daga jikka 600 har a haura miliyan 2. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan sefa 42,000 ne, ki lissafa, mafi arahar sai mutum ya yi wata 14 bai ci bai sha ba, kuma abin da in an lallaɓa shi shekara 3 zuwa 5 yake yi a sake wani.

Ni da ƙanwata ce ke, jikka 15 ɗin nan likitan haƙori za ki kai ma. Akwai sashen haƙori a Babban Asibitin Ƙasa, akwai kilinik masu zaman kansu cikin gari, ki tambayi kuɗin tun kafin ki hau kujera ba kunya ba ce. Yawancin ɗorawa-ɗorawar da muke gani dattin shayi ne da goro da tsatsar da ta daskare a gindin haƙori wadda buroshi da asuwaki ba sa iya fiddawa, likita na kankare ta da inji a zama guda, shi ne detartraj. Wanda ya ɓalle kuma akwai wani farin abu da suke cikewa da shi su haska masa shuɗiyar fitila ya daskare nan take, a goge shi ya saje da sauran, ki ci naman bukinki da shi ba fargaba. Ki je ko da sati biyu kafin ranar don dasashi kan ɗan yi tsami kwana ɗaya biyu bayan wankin.

Daga wani ɗan kasuwa, Tawa:

Hajiya ina gaisuwa. Ni a Tawa nike zaune amma ƙasar Maradi aka haihe ni, kuma haƙoranmu ni da ƙannena duka ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigo tun muna yara, ba goro ba taba. Na yi asuwaki na yi gawayi har da toka ba abin da ya canza. Mi za ni yi, wanga na sawa zai rufe? Ko in tara kuɗi in tahi Turkiyya a yi mini na dindindin kamar yadda wani abokina ya ce?

Amsa: Alhaji Allah ya ba da kasuwa. Da farko don Allah a bar gawayi da toka, fatar haƙori suke cinyewa kuma ba ta sake tsirowa. Yadda ka kwatanta, gida guda, tun yarinta, ya yi kama da abin da ruwan sha mai yawan sinadarin fuloraid ke yi ma haƙori lokacin da yake tsirowa, likita ne zai tabbatar in ya duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka miligiram 1.5 cikin lita, kuma manya ba su manta da abin da ya faru a Tibiri ta ƙasar Maradi ba, inda daga 1985 har wajen 2000 yara suka yi ta shan ruwan da ya ninka wannan iyakar, haƙora suka ɓaci, wasu har ƙasusuwan ƙafa suka lanƙwashe. Irin wannan tabon a cikin jikin haƙorin yake, shi ya sa gugar duniya ba ta fidda shi.

To kai kam kana cikin waɗanda abin sawan zai iya yi ma amfani, in haƙoran na tsaye da ƙarfinsu ba kogo ba ciwon dasashi, don rufewa ita ce aikinsa kuma ba a taɓa haƙorinka ko kaɗan. Amma wanda aka auna nake nufi, ba na leda ba. Ka sani kuma akwai abin da za ka haƙura da shi in yana baki, kilishi, rake, ƙuli-ƙuli, aya, busasshen dabino, tauna ƙashin balangu, duk suna iya fasa shi. Shayi mai zafi ma sai a hankali, kuma na san ɗan Tawa da shayi sai Allah.

Maganar na dindindin, shi tangaran ne siriri ake liƙawa a fuskar kowane haƙori, kuma kafin a liƙa sai an kankare wajen rabin milimita na fatar haƙorin, wanda aka kankare ya tafi ke nan har abada. A Amurka ƙwaya ɗaya wajen dala 900 zuwa 2,500 ce, kuma ba a yin guda, shida ko takwas na gaba ake jerawa don su yi kala ɗaya. Turkiyya ta fi araha nesa ba kusa ba shi ya sa ake tururuwa, sai dai ka sa kuɗin jirgi da biza da masauki cikin lissafi, sannan ka tambaya da kyau mi za a yi maka, don akwai wuraren da maimakon ɗan kankarewa sai su fiƙe haƙori lafiyayye ya koma kamar tsinke su kifa masa hula, aikin ya fi sauri gare su. Bayan shekara 10 zuwa 15 ana bukatar sakewa, in ɗaya ya faɗo kana Tawa kuma wa za ka kama? Ka fara shiga sashen haƙori na babban asibitin jihar nan kusa da kai, ko in ka shigo Yamai sari ka ware rana ɗaya, wani tabon in bai yi zurfi ba ana iya rage shi ko a rufe na gaba da farin cikon nan da na faɗa ma amarya, ba sai an hau jirgi ba.

Daga wani matashi, Talaje, Yamai:

Anti mu a fadarmu ba fararen muke so ba, na ƙarfe masu ƙyalli irin na mawaƙan Amurka. Wani ya kawo daga Kano jikka 4, ya ce ruwan zinari ne. In saya?

Amsa: Ƙanena ruwan zinari na jikka 4 ai ka san amsar da kanka. Wannan yayin daga mawaƙan New York ya taso tun shekarun 1980, kuma nasu maƙerin zinari ke yi bisa awon bakin mutum, kuɗin ya danganta da nauyin zinarin da yawan haƙoran, daga ɗaruruwan daloli har dubbai. Na arahar ƙarfe ne aka yi ma fenti, sau da yawa da nikel a ciki, shi ne ƙarfen nan da ke sa kunnen mata ƙaiƙayi da ruwa in sun sa ɗan kunnen bogi, to ka ƙaddara shi cikin baki yana jiƙa da miyau. Sannan na san halinku, mutum ɗaya zai saya fada duka ta yi hoto da shi, daga wannan baki zuwa wancan, don Allah ku bari. Kuma ka tambayi malaminku hukuncin namiji da zinari na ado, don abin da aka yi ma rangwame lalura ce, irin ta sahabin da aka yanke ma hanci a yaƙi aka ba shi izinin sa na zinari. Kai hancinka lafiya lau.

Daga wata uwa, Lazare, Yamai:

Ƴata sannu da ƙoƙari. Ni shekaruna sun haura 50, na gaba biyu sun fita, turame ma uku babu, sauran wasu suna girgiɗi, in na yi asuwaki sai jini. Ɗana da ke Kodebuwa ya ce zai turo kuɗi in sayi wannan na sawa. Nawa zan ce ya turo?

Amsa: Inna ina gaishe ki, Allah ya yi ma yaron albarka. Amma kar ki saya, ko na miliyan ne. Abin nan ba shi da gindin kansa, sauran haƙoran yake kamawa ya tsaya, kullum a danna a ɓamɓare, to haƙorin da ke girgiɗi in ana yi masa haka safe da yamma wata rana tare za su fito. Jinin nan da girgiɗin alamar ciwon dasashi ne da ya fara cin ƙashin da ke riƙe haƙori, in aka kifa roba a sama abinci da sukari su maƙale a ƙarƙashi miyau bai kai wurin ya wanke ba, ciwon ƙara gudu zai yi a ɓoye, ga warin baki.

Abin da ya dace da ke haƙoran roba ne irin na asibiti, waɗanda ake dasawa bisa ɗan faranti mai kalar dasashi su cike giɓin kawai, su ma ana cirewa a wanke, an daɗe ana yin su a nan Yamai ba sai an aika waje ba, kuma da su ana tauna tuwo da nama mai laushi. Amma sai an fara maganin dasashin. In kina da ciwon sukari ki faɗa ma likitan tun farko don su biyun suna tafiya tare, kowane na ƙara ma ɗan uwansa ƙarfi. Ki je a duba a rubuta miki kuɗin a takarda, sai ki ɗauki hotonta ki tura ma yaron ta WhatsApp ya turo daidai, da ɗan ƙari na taksi. Tun Satumban 2024 an rage kuɗin ayyuka da dama a asibitocin gwamnati, ki tambaya a wurin biya ko naki na ciki.

Daga wani ango mai jiran gado, Harobanda:

Malama, ƙanwata ta tsegunta mini wai wadda zan aura haƙoran da nake gani ba nata ba ne, sawa take. Na kai balis na kai komai. Wannan ba yaudara ba ce?

Amsa: Malam kai da ka daɗe kana zuwa hira ba ka taɓa lura ba ta cin tsiren da kake kawowa a gabanka ba? Ka tambaye ta cikin raha ba gaban mutane ba. Ita ma dai da ta faɗa maka tun farko ya fi, abin da ake cirewa kowane dare ba ya ɓoyuwa a ɗakin aure. Watakila ma wushirya ce take rufewa, abin da iyayenmu ke yi ma waƙa.

Daga wata ɗaliba, Yantala:

Anti na riga na saya, yana ta faɗuwa sai na ɗiga masa gam irin na liƙe takalmi, yau kwana huɗu yana bakina har barci, yanzu dasashina ya kumbura yana wari kuma ya ƙi fita. Ina tsoron Mama ta sani.

Amsa: Subhanallahi. Ƴata yau ɗin nan za ki tafi wurin likitan haƙori, ba gobe ba, kuma ki faɗa ma Mama, faɗan minti biyar ne ya wuce. Kar ki sa wuƙa ko cokali ki ɓamɓara, za ki iya tahowa da fatar haƙori ko ki yaga dasashi, kar kuma ki zuba masa fetur ko ruwan goge farce don wata ta ce yana narkar da gam. Kafin ki isa ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Ki faɗa ma likitan gaskiyar irin gam ɗin, in kwalbar na nan ki tafi da ita. In fuska ta fara kumbura ko zazzaɓi ya zo ko haɗiya ta yi wuya, ko tsakar dare ne a wuce irjans kai tsaye.

Sauran masu shi a gida, ba a kwana da shi ko da na likita ne, balle na leda da zai iya suɓucewa ya tafi maƙogwaro cikin barci. A cire, a wanke da buroshi mai laushi da ruwan sanyi don ruwan zafi na lanƙwasa shi, a goge haƙoran ainihi kafin a maida, kuma kar a ba yaro ya yi wasa da shi. Ke kuma ɗaliba ki rubuto mini sati mai zuwa in ji yadda aka ƙare.